Sirrin da ke bayan alamar %

Ku matso, amma kada maganar ta wuce tabarmar nan. Wata uku cur na yi ina daidaita lissafin kantin ƙanina da hannu, alhali printf, mai fitar da rubutu a manhaja, ta iya aikin tun zamanin Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiri harshen C a Amurka wajajen 1972.

'Yar manhaja ce ƙanin nawa ya roƙa, mai fitar da sunan kaya da farashinsa. Shinkafa ta fito, gishiri ya fito, amma farashin nan wani gabas wani yamma, kamar sahun yara a masallaci. Ni kuwa sai in yi ta cusa sarari a rubutun har su miƙe. Ya ƙaro sabon kaya, aiki ya dawo ɗanye.

Ashe maganin na nan tsakanin % da harafin da ke bin ta. Rubuta %-12s, ka ware wa suna gurbi 12, alamar ɗebewar kuma ta jingina shi hagu. Cire ta, ya koma dama, wanda shi kuɗi ke so: da %9.2f kobo ke zama ƙarƙashin kobo. Lambar rasit kuwa, %05d ke mai da 42 ya zama 00042. Ranar da na ga wannan, wallahi sai da na ji kunyar kaina.

Kar ku ce ban gaya muku ba, tana da tarko. Haɗa ɗebewa da sifili, sifilin ya bi iska, ba ko sallama. Kuma 12 ɗin nan mafi ƙaranci ne, ba iyaka ba. Ƙanin nawa ya shigar da "man gyaɗa babbar jarka", ya ture layin gaba ɗaya, har ya kira ni da daddare yana cewa, "Yaya, abin naka ya sake karkacewa." Sai da %-12.12s na datse sunan.

Alamar tarawa ta nuna riba da +1500, asara da -300. Ita # ban cika waiwayarta ba, sai in ana son 42 ya fito 0x2a.

Kai da ke ƙunshe dariya a can gefe, na ga rasit ɗinka jiya. Gobe ka zo da kwamfutar, shayin a wuyanka.