Dandalin Ƙauyenmu a Ƙasar Jahun

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in gaya wa masu karatu abin da na tarar da na je hutu ƙauyenmu, cikin ƙasar Jahun.

Jahun dai da can gunduma ce ta Kano, sai a 1991 da aka yi Jihar Jigawa ta koma ƙarƙashin Sarkin Dutse. Ƙasa ce ta jigawa da fadamun kogin Haɗeja, mazaunin Haɓe da Fulani tun kaka da kakanni.

Mutanen Ingila suna alfahari da gidan shaye-shayen ƙauyensu, inda sukan taru da maraice, da filin wasa a gefensa. To, mu namu shi ne dandali, sai dai abin shanmu fura ce da nono, daga baya shayi ya shigo. Namu yana ƙofar gidan mai gari, ga tsohuwar tsamiya a tsakiya. Mahaifina ya ce a gindinta kakansa ya koyi dara. Akan tona gurbi 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Dattawa kan wuni nan, kuma sau da yawa nan ake kashe rigimar gona tun ba ta kai gaban alƙali ba.

In kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai samarin ƙauyuka su zo kokawa, mahauta su zo dambe da kalangunsu, Fulani su yi shaɗi. Da farin wata yara na langa, 'yan mata na gaɗa. Nan yaro ke koyon a kā da shi ya tashi ya karkaɗe jiki, ba gaba ba riƙo.

Amma bana da na je, sai na tarar an yanka rabin filin an yi shaguna. Tsamiya tana nan, mai shayi yana nan da teburinsa, amma masu dara tsofaffi huɗu suka rage. Samari suna gidan kallon ƙwallo, sun san 'yan wasan Sifen da sunayensu, ba su san kirarin ɗan kokawar garinsu ba. Noman rani kuma, wanda ya kawo mana arziki, ya cinye lokacin da a da ake wasa. Ban ga laifin kowa ba, zamani riga ne. Sai dai fili in an gina shi, ya tafi ke nan har abada.

Mu duba maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975 da suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa suka riƙe abin da daraja, har wanda ya yi nasara takobi ake ba shi. Me zai hana mu?

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai su sa a auna dandalin kowane ƙauye, a rubuta shi cikin littafi, a hana sayarwa. Malaman makaranta kuma su koya wa yara dara da langa. Akawuna 'yan'uwana, kowa ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuta tarihin dandalinsu tun suna da rai, gama da tsohuwar zuma ake magani.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Jahun.