Ɓatan da ba a cigiya

Duk mai sauraren rediyo a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san lokacin cigiya. Tsakanin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, sai a ji an nemi yaro an rasa, shekarunsa kaza, yana saye da riga iri kaza, wanda ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa. Jama'a kan tausaya, ƴan kasuwa su baza ido, direbobi su tambaya a tasha. Amma akwai wani ɓatan da ba ya isa gidan rediyo, domin kuwa an san wanda ya ɗauki yaron, inda ya kai shi ne ba a sani ba. Shi ne yaron da ɗaya daga cikin iyayensa, galibi uba, ya ɗauke a ɓoye bayan aure ya mutu.

Hanyar kusan ɗaya ce. Uba ya aiko a ba shi yaro ya yi sallah wajen kakanninsa, ko ya tare shi a ƙofar lakwal da alawa a hannu. Kafin magariba an bi Ɗan Isa an ƙetare Jibiya, ko an bi Matamai an faɗa Daura, ko daga Ƙonni an shiga Illela. Iyakar Nijar da Najeriya ta kusa kilomita 1,500, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma babu jandarman da zai tsai da magidanci don ya gan shi riƙe da hannun yaro mai kama da shi. Wani a kai shi wajen gwaggo, wani wajen kishiyar uwa, wani a danƙa shi ga malami a Kano ko Zariya da sunan karatu. Akwai kuma uwayen da kan gudu da yaro su ɓoye wa uba, shi ma zalunci ne, sai dai bai kai wancan yawa ba.

In uwa ta fito tana kuka, amsar da take samu guda ce daga maƙwabta har danginta: ai ɗansa ne, mutum ba ya satar abinsa. A nan kuskuren yake. Ɗa ba akuya ba ce da za a ce mai ita ya kwance ta daga turke. Matar da ɗanta ya rasu ta san kabarinsa, an yi mata gaisuwa, ta yi haƙuri. Wadda aka ɓoye wa ɗa kuwa babu mai yi mata gaisuwa, babu mai taya ta nema. Tana dafa tuwo tana tunanin ko ya ci, sanyin hunturu ya sauko tana tunanin ko an rufa shi.

Masu wannan aiki sukan laɓe da addini, alhali littattafan da malamai ke karantarwa a zaurukan ƙasar nan ba su ba su mafaka ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, riƙon yaro bayan saki yana hannun uwa har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji. In uwa ta sake aure ko ta rasu, kaka ta wajen uwa ce ke bi mata. Gaskiya ne malamai sun yi wa uban da zai yi ƙaura mai nisa tanadi, amma da sharuɗɗa, a bayyane, a gaban shari'a, ba da dabara a bayan idon uwa ba.

Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin da ya kamata kowane magidanci ya sani. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, wadda ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama hannunsa ya ɗora shi bisa abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar, wanda ya umarce shi ya bar mata yaron. Umar, duk da kwarjininsa, bai mai da magana ba. In wanda sarakunan Rum da Farisa suka ji tsoronsa ya sauke ɗansa daga sirdi saboda hukunci, ina hujjar ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati na yau?

Abin da ake bi a aikace al'ada ce, wadda a wurare da dama take barin yaro wajen uwa zuwa yaye ko zuwa shekara 7, sannan uba ya karɓa. Tun dokar 16 ga Maris 1962, alƙalin Nijar yana duba al'adar masu ƙara cikin sha'anin aure, saki da gado. An yi yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun ba su kai ga nasara ba saboda adawar da suka fuskanta. Dokar hukunta laifuffuka ta 1961 ta tanadi horo ga uba ko uwar da suka ƙi miƙa yaro bayan alƙali ya yanke wanda zai riƙe shi. Matsalar ita ce saki da yawa da baki ake yin su, ko da ƴar takarda a hannun ɗan aike. Babu hukunci, babu rubutu, wani lokaci yaron ko takardar haihuwa ba ya da ita. Matar da ta je kwamisariya hannu wofi, sai a ce mata maganar gida ce, ta koma wajen manya.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta san wannan ciwo ba. A 1985 wasu mata Faransawa sun yi zaman dirshan na watanni a ofishin jakadancin ƙasarsu a birnin Alje, suna neman ƴaƴansu da tsofaffin mazajensu suka ƙetare teku da su. Kukansu ya taimaka har Faransa da Aljeriya suka sa hannu kan yarjejeniya ranar 21 ga Yuni 1988. Kafin nan, ranar 25 ga Oktoba 1980, an ƙulla wata a birnin La Haye na ƙasar Holan, wadda ƙasashe fiye da 100 suka shiga. Hikimarta ita ce ba ta cewa uba ne ya fi cancanta ko uwa. Cewa take yi a fara mai da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 inda ya saba zama, sannan alƙalin wurin ya saurari kowa. Ta haka wanda ya gudu da yaro ba ya cin ribar gudunsa. Burkina Faso ta shiga tun 1992, Nijar da Najeriya kuwa ba sa ciki. Amma Nijar ta amince a 1990 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara, wadda ta ba yaro haƙƙin hulɗa da iyayensa biyu, ta kuma ɗora wa gwamnatoci yaƙi da fitar da yara waje ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda ya fi kowa asara shi ne wanda ba a tambaya ba. Yaro ɗan shekara 5 ya kwana wajen uwarsa ya tashi cikin baƙin fuskoki. In ya yi kuka a ce masa ta yashe shi, wani ma a ce masa ta mutu. Karatunsa ya tsinke, domin wanda ya fara da Faransanci a Maraɗi ba zai ci gaba kai tsaye da Ingilishi a Katsina ba. Ya girma da rami a zuciya, ranar da gaskiya ta fito kuwa, kuma takan fito, uban da ya yi zaton ya ci nasara ya tarar ya yi asarar amanar ɗansa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maganin bai fi ƙarfin jama'a ba. Duk sakin da aka yi da yara tsakani, a kai shi gaban alƙali, ko aƙalla gaban sarki ko malamai, a rubuta wanda zai riƙe, wanda zai ciyar, da ranakun ziyara. A yi wa kowane jariri takardar haihuwa. Shugaban lakwal kada ya saki ɗalibi sai ga wanda aka san shi ke riƙe da shi. Malamin allo da aka kawo wa ƙaramin yaro daga nesa ya tambayi ina uwarsa, ko ta sani. Hukumomin Maraɗi da Katsina, na Damagaram da Kano, da suka saba zama kan shanun sata da kayan fasa-ƙwauri, su sa maganar yara cikin abin da suke tattaunawa.

Sauran aikin na dangi ne. Babu uban da ke ɓoye yaro shi kaɗai: akwai ƙanen da ya tuƙa mota, akwai yayar da ta buɗe ɗaki, akwai abokin da ya sani ya yi shiru. Ranar da ɗayansu zai dube shi ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka mai da yaron nan a zauna a yi magana," ranar ce wannan ɗabi'a za ta fara ja da baya. Aure yana mutuwa, haihuwa ba ta mutuwa. Allah ya haɗa kowace uwa da ɗanta, ya ba iyaye ikon yin adalci ko da zuciya tana tafasa.