Kumurci: Mugu a Fim, Ɗan Adam a Gida

Daga Rano zuwa Kibiya, da wuya ka samu matashin da ya tashi a zamanin kaset bai san fuskar Shu'aibu Lawan Kumurci ba. Da ya bayyana a akwatin talabijin sai gidan kallo ya ɗau sowa, don an san yau jarumi zai ji a jikin sa. Sunan ma kaɗai ya isa: kumurci dai maciji ne mai mugun dafi.

Rol ɗin sa sananne ne: ɗan daba, ɗan fashi, ko bos mai yara a bayan sa. Shi ba a ba shi waƙa da budurwa a cikin lambu, kuma ƙarshen sa a fim ko ankwa ko kabari. Amma fa cire shi ka gani, labarin ya zama lami. Indiyawa sun daɗe da gane haka. Wa zai tuna Sholay na 1975 ba tare da Amjad Khan ba, ko Mr. India na 1987 ba tare da Amrish Puri ba?

Matsalar ita ce 'yan kallon mu kan kasa raba ɗan wasa da rigar da darakta ya sa masa. Jarumi a so shi, mugu kuwa a dinga yi masa kallon mugu har a kasuwa.

Shekarar 2003 ta nuna wa kowa mutumin da ke bayan wannan fuskar. An ɗaura auren sa da fitacciyar 'yar wasa Balaraba Muhammad, sai ta rasu a haɗarin mota a hanyar kai ta ɗakin ta. Allahu Akbar! Wanda ake tsoro a fim, ranar shi aka dinga tausaya wa. Allah ya jiƙan ta.

Bayan sa an samu irin su Tijjani Asase da Daddy Hikima, wato Abale na shirin A Duniya. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya, wai kada yara su kwaikwaya. Tsoron na da tushe. Sai dai matashi ya lura: Kumurci in an ce "kat" ajiye wuƙar yake ya tafi gida. Ɗan daban gaske kuwa ba shi da darakta, kuma ankwar sa ba ta wasa ba ce.