Gwajin Jini Bayan Tiyata

Mu mutanen Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, idan aka cire wa 'yarmu ƙari daga ma'ajiyar ƙwan haihuwa, dangi kan taru a yi barka. Sai dai irin wannan ƙari mai kama 'yan mata yakan bar alama a jini, wato AFP da hCG. Saukarsu albishir ne. Hawansu na iya nuna ciwon ya dawo tun ba ta ji zafi ba. Shi ya sa ake maimaita gwajin, musamman a shekaru 2 na farko. Juna biyu ma kan ɗaga su, don haka amarya ta sanar da likita. Da yaƙi ya ci Wad Madani a Disamba 2023, takardun gwaji muka fara ɗaurewa cikin kaya.