Aku, biri da irin tattasai: littafin da ya raba kan masu saurarenmu



Mun yi muku alkawarin wannan rubutu tun daren da muka rufe shirinmu na littattafai, waya na ta ƙara, lokaci kuma ya ƙare. Ga shi yau mun cika. Akwai kuma gyaran da ya zama dole mu yi, don wani guntun muryarmu na yawo a WhatsApp yana faɗin abin da ba mu nufa ba.

Ga waɗanda ba su ji shirin ba, ga yadda abin ya faro. Mu ƴan shirin nan tun muna lise muke da jarabar karanta roman. Kwanaki ɗayanmu ya dawo daga Yamai da wani tsohon littafi na Faransanci da ya saya wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin hanya, bangonsa duk ya yage. Sunansa Next. Wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, Michael Crichton, ya fito a 2006. Mutumin karatun likita ya yi kafin ya koma rubutu, kuma shi ne mai Jurassic Park, wanda da yawanku kun ga fim ɗinsa a tele, mai manyan dabbobin nan na zamanin da. Ya rasu a 2008. Mako uku muka yi muna ba ku labarin a taƙaice, da Hausa da Barbarci.

Ƙashin bayan labarin shi ne wani mutum da ya warke daga kansar jini. Likitoci suka gano jikinsa na ƙera wani abu mai yaƙar cutar, sai aka sayar wa wani kamfani ƙwayoyin jikin nasa ba da saninsa ba. Ya kai ƙara, alƙali ya ce ƙwayoyin na kamfani ne. Da ajiyar kamfanin ta lalace, sai aka tura ɗan farautar mutane ya kamo ƴarsa da jikansa, wai ai irin ƙwayoyin ne a jikinsu, kenan kayan kamfani ne suke yawo da su. A gefe guda kuma akwai wani aku da aka sa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam har yana taya yaro lissafi, da wani biri rabinsa mutum da aka sa lakwal.

Tun da muka fara shirin ba mu taɓa samun kira irin na wannan littafi ba, kuma ba a samu biyu da suka faɗi abu ɗaya ba.

Samarin fada da ɗaliban jami'ar Diffa sun ce mu ƙara. Wani ya ce ya bar shayinsa ya huce don kada ya rasa inda aka biyo matar da yaron. A wurinsu labari ne mai gudu, kuma karon farko kenan da suka ji an yi maganar ADN da Hausa ba a cikin aji ba.

Wani mushe mai koyar da Faransanci ya kira daga Maine Sorowa, shi ya karanta littafin da kansa. Ya ce mana, cikin ladabi amma ba sassauci, littafin bai kai ba. Mutane sun yi yawa, ana tsalle daga wannan zuwa wancan kamar mai sauya tasha, kafin ka saba da mutum an ɗauke shi. Abin da ya fi ba shi haushi, marubucin ya cusa wasu shafuka masu kama da labarin jarida a tsakanin babi-babi, har mai karatu ya kasa gane ina gaskiya ta tsaya, ina ƙage ya fara. A lokacin mun ɗan yi masa gardama. Yanzu mun san shi ya fi mu gani.

Wani dattijo daga Shetimari ya ce: "Ƴaƴana, wannan ba abin sawa a rediyo ba ne. Taɓa halittar Allah ko da wasa ba kyau." Muka ce masa: "Baba, mun ji, amma shi ma marubucin gargaɗi yake yi." Ya ce gargaɗin da ke koya wa yaro hanyar ɓarna ba gargaɗi ba ne. Ba mu rabu da shi a kan ra'ayi ɗaya ba, mun dai rabu da addu'a.

Sai wata Hajiya mai sayen tattasai. Ita ta ce mu ajiye biri da aku, wasan yara ne. Abin da ya hana ta barci shi ne mutumin da aka ce jininsa ba nasa ba ne. Ta ce in za a iya ce wa mutum haka, wata rana za a ce wa manomin Geskeru irin da ya gada wajen kakansa ba nasa ba ne. Wannan kira shi ya juya shirin gaba ɗaya.

Yanzu ga gyaran. Bayan mako na biyu, wani ya yanke inda muke ba da labarin birin, ya cire gabatarwar da muka ce ƙagaggen labari ne, ya tura. Kafin kwana uku abin ya dawo mana ta wayar ƴan uwanmu da ƙari: wai rediyo ta ce Turawa sun haifi biri mutum, wai kuma duk irin shuka na cikin leda da gwangwani da irin wannan aiki aka yi shi. Wani manomi ya tare mu a kasuwa ya ce ya fasa shuka irin da ya riga ya biya kuɗinsa. Nan jikinmu ya yi sanyi. Kuɗin iri ba wasa ba ne ga mutumin da ke cin bashin man injin ban ruwa. Laifin wanda ya yanke daban, amma mu ma muna da namu: sau ɗaya muka faɗi cewa ƙage ne, a farkon shiri, alhali mun san mutane na shigowa a tsakiya.

To bari mu rarrabe. Biri mai zuwa lakwal babu shi. Aku mai lissafi don an sa masa ƙwayoyin mutum babu shi. Ɗan farautar da ke bin yaro don ƙwayoyin jikinsa, ƙage ne. Amma maganar Hajiya tana da tushe. An yi wani mutum a Amurka, John Moore, mai kansar jini, aka cire masa saifa a 1976. Daga ita aka samar da ƙwayoyin da aka yi wa rajistar mallaka aka shiga ciniki da su. A 1990 babbar kotun jihar Kalifoniya ta ce ba shi da haƙƙin mallaka a kan abin da aka riga aka cire daga jikinsa, sai dai ya kamata likitansa ya sanar da shi. A ƙarshen littafin, Crichton ya fito fili ya nemi a daina ba kamfanoni mallakar ƙwayoyin gado. A 2013 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙwayar gadon da take a jiki yadda Allah Ya halicce ta, ba wanda zai yi mata rajista ya ce tasa ce. Shi bai rayu ya ga ranar ba.

Kada kuma wani ya yi wa mutanenmu dariya don sun yarda da guntun murya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Yara wajen 200 ne cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san abin da ake yi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma in gudun ya kai mutum ga ƙin rigakafin ɗansa ko zubar da irin da ba shi da aibu, to shi ne ya sake yin asara.

Abin da muka lura a kiraye-kirayen, abubuwa uku ake haɗawa a tukunya ɗaya. Na farko zaɓen iri, wanda iyayenmu ke yi tun fil azal: a ware tattasan da ya fi ja da kauri, a shanya daban, a ajiye na baɗi. Na biyu haɗin iri, wato a barbara iri biyu na shuka ɗaya. Shi ne wanda kuke gani da rubutun F1 a jikin gwangwani. Yana ba da yabanya mai kyau a shukar farko, amma in ka ajiye ƴaƴansa ka sake shukawa ba sa fitowa daidai, dole ka koma ka saya. Wannan ba OGM ba ne, ba a sa masa komai daga wata halitta ba. Na uku shi ne OGM, inda ake ɗauko ƙwayar gado a laburatuwar a dasa cikin shuka.

Na ukun ma ba a Amurka kawai yake ba. A 2019 Najeriya ta amince da wani wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fitar. An sa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, don ya kare kansa daga tsutsar nan mai cinye fure da kwanson wake. Masu goyon baya na cewa feshin da ake yi sau shida ko takwas ya koma biyu, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro na feshi ba ƙyalle a hanci ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu adawa a can Najeriya har yau suna tambayar lafiyar mai ci da makomar irin gargajiya. Burkina Faso kuwa ta rungumi audugar Bt a 2008, ta ajiye ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. Kenan ba abin da za a ce duka alheri ne ko duka sharri. Mu kuma kogi kawai ya raba mu da Najeriya, kogin da in rani ya yi ana taka shi da ƙafa, kuma tiyar wake ba ta da kartidantite. Gara mu san abin tun kafin ya same mu a kasuwa.

Kira na ƙarshe da ya shigo, wani makiyayi ne daga wajen Gigimi, layin na yankewa. Ya ce muna tsoron Turawa su canja halitta, ga shanun Kuri suna ɓacewa a gabanmu ba laburatuwar ba komai. Gaskiya ya faɗa. Farar saniyar nan mai kumburarren ƙaho, mai ninƙaya tsakanin tsibiran tafkin Cadi, a wannan yanki kaɗai duniya ta san ta. Tun da aka kwashe mutane daga tsibirai a 2015, garkuna suka cakuɗe a tudu, barbara da wasu shanu ta ƙaru, tsantsar Kuri na raguwa. Cibiyar kiwo ta Sayam tana da aikin adana ta, amma cibiya ɗaya ba za ta riƙe abin da dubban iyalai ke riƙe da shi a da ba. Haka tattasai. Tsakanin gudun hijira, da hanin cinikinsa da aka yi a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, da ambaliyar 2019 da ta 2022, gidaje nawa ne suka bar ƙullin irinsu a rumbun da ba su sake komawa ba? Ba kamfanin da ya ƙwace, ba alƙalin da ya yanke. Sun tashi ne kawai suka ga sai sun saya.

In kun tambaye mu ra'ayinmu a kan littafin, muna tare da mushe a rabi: a matsayin labari yana da hayaniya, ba za mu sake karanta shi ba. Muna tare da Hajiya a ɗaya rabin: tambayar da ya yi, wa ke da jini, wa ke da iri, tambayarmu ce. Baba na Shetimari kuma ya koya mana cewa makirfo amana ce.

Ga abin da muka yanke. Daga yau, duk shirin da muke ba da ƙagaggen labari za mu riƙa maimaita hakan bayan kowane hutu, da Hausa da Barbarci. A shiri na gaba za mu zaunar da masanin noma, da malamin addini, da manomi, da makiyayi a tebur ɗaya, ku kira ku tambaye su. Kafin nan, duk irin da aka miƙo muku, na saye ko na taimako, ku yi tambaya huɗu: mene ne sunansa, daga ina ya fito, in na ajiye ƴaƴansa za su fito baɗi, wa zan nema in bai yi ba? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Kuma ko kun shuka sabo, ku bar wa tsohon iri kunya biyu ko uku a gefen gona.

Wanda guntun muryar nan ya iso wayarsa, don Allah kada ya tura gaba. Ya tura wannan a maimakonsa, ko ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Manomin da ya tare mu a kasuwa, mun duba gwangwaninsa tare: F1 ne aka rubuta. Ya ce zai shuka, amma zai nemo irin gida wajen ƙanen mahaifinsa ya haɗa da shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Manga da bakin kogi, Ya sa albarka a gona da garke. Sai mun ji ku a shiri na gaba.