Wadda Ta San Jeji

Ɗan'uwana mai karatu, akwai wani wuri a Littafin Ƙidaya da na yi shekaru ina tsallakewa. A sura ta 10, Isra'ilawa suna shirin tashi daga Sina'i, girgijen Ubangiji yana bisansu, sai ga Musa yana roƙon Hobab Bamadayane kada ya koma ƙasarsa, gama ya san inda za a ya da zango a jeji, zai zama musu ido. Sa'ad da nake makarantar tauhidi abin ya dame ni ƙwarai. Wanda yake da girgije da rana, da wuta da dare, me zai yi da ɗan jagora? Na bincika littattafan sharhi, amsarsu ba ta kwanta mini ba. Mata biyu ne suka warware mini matsalar, dukansu tsofaffin sojoji. Ɗaya ta mutu a Amurka tun ba a haifi mahaifina ba, ɗaya kuwa tana zama a bencin baya na majami'ar da nake kiwo.

Ta farin ita ce Harriet Tubman. An haife ta baiwa wajen shekarar 1822 a gabashin jihar Maryland, ƙasar fadamu da koguna da kurmi. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa aka riƙa ba da hayarta ga wasu gidaje. A wani gida an sa ta shiga ruwan fadama mai sanyi tana duba tarkunan dabbobi, har da lokacin da ƙyanda ta kama ta. Tana tasowa kuma wani mai tsaron bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo mai nauyin kusan kilo ɗaya, jifar ta kuskure ta same ta a ka. Daga ranar barci yakan kwashe ta farat ɗaya, ko a tsakiyar magana, har ƙarshen ranta. A cikin irin wannan barci takan ga wahayi, ta kuwa gaskata Allah ne yake mata magana.

Aikin cikin gida bai karɓe ta ba. A ɗaka bulalar uwargida tana kusa, a waje kuwa akwai sararin sama. Ta fi son huɗa da shanu da jan gungume, ta kuma yi aiki a kurmi inda mahaifinta, Ben Ross, yake shugabantar masu saran itace. A can ta koyi karatun da babu allonsa: yadda ake tafiya ba a ji motsi ba, saiwar da ake ci da wadda ake magani da ita, inda ruwa ya nufa, da inda tauraron arewa yake tsayawa yayin da sauran suke juyawa. Har ta mutu ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Nassin da ta sani, a kunne ta ɗauke shi.

A 1849 ta gudu. Ta yi tafiyar kusan kilomita 145, yawanci da dare, ta isa Filadelfiya inda babu bauta. Da ni ne, ina tsammani nan zan yi zamana in gode wa Allah. Ita kuwa ta koma wajen sau 13 cikin shekara goma da suka biyo, ta fitar da mutum kusan 70, har da iyayenta tsofaffi. Dubi yadda ta tsara abin. Takan zo da hunturu, lokacin da dare yake da tsawo mutane kuma suna ɗaka. Takan tashi da mutanenta daren Asabar, domin jaridu ba za su buga cigiyar bayin ba sai Litinin. Ana ba da labari cewa kukan mujiya takan kwaikwaya don ta yi musu alama, mujiyar nan da mu a nan muke kora da jifa. Da dokar 1850 ta sa arewacin ƙasar ma ya zama hatsari ga wanda ya tsere, sai ta riƙa wucewa da su har Kanada. Mutane suka sa mata suna Musa. Ita kanta ta riƙa shaida cewa Ubangiji ne yake nuna mata hanya, amma ka lura, bai nuna mata da yatsa daga sama ba; ya bi ta cikin shekarun da ta yi tana jan gungume a bayan mahaifinta.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, ta tafi Karolina ta Kudu a 1862 ta yi wa rundunar arewa aiki. Ta yi jinyar sojoji masu atuni da sauyoyin da ta haƙo da hannunta. Ta kuma tara mutanen wurin waɗanda suka san koguna, suka riƙa leƙen asirin abokan gaba. A daren 1 zuwa wayewar 2 ga Yuni 1863 ta shiga jirgin yaƙi tare da Kanar James Montgomery da sojojinsa baƙar fata, suka hau Kogin Combahee. An dasa nakiyoyi a cikin ruwan, amma labarin da mutanenta suka tattara ya sa jiragen suka kauce musu. Kafin rana ta yi tsaka, bayi fiye da 700 sun bar gonakin shinkafa sun hau jirgi.

Yanzu ga wurin da yake sosa mini rai. Dukan abin da aka biya ta a yaƙin bai wuce dala 200 ba. Ta koma gonarta a Auburn, jihar New York, tana noma, tana kiwon alade, gidanta cike da tsofaffi da marasa galihu, tana kai takardar neman hakkinta ana mayar da ita. Sai a 1895 ta fara karɓar dala 8 a wata, shi ma don ta zama gwauruwar soja, ba don aikinta ba. A 1899, shekara 34 bayan ƙarewar yaƙin, aka ƙara kuɗin ya kai dala 20. Ta mutu ranar 10 ga Maris 1913, aka yi mata jana'izar soja. A 2024 jihar Maryland ta ba ta muƙamin birgediya janar. Ban ƙi ba, amma girmama gawa abu ne mai araha. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi magana a kan ladan ma'aikaci da aka danne, maganar kuwa ba ta da daɗin ji.

Kada in yi ta nuna Amurka da yatsa, bari in dawo gida. Tsohuwar da na ambata ta yi aikin jinya a soja har ta yi ritaya ta dawo ƙauye. Kowa Mama yake kiranta. Ba ta iya zaman ɗaki. Da asuba ta saɓa fartanya, ba a ganinta sai magariba, wani lokaci da ƙunshin sauyoyi, wani lokaci hannu wofi, ta dai je ta ga yadda rafi ya kwana. Taron zumuntar mata na tsakiyar mako sau da yawa yakan wuce ta. Wata Lahadi na tare ta a ƙofar majami'a, a gaban mutane, na ce, "Mama, daji ba zai kai ki sama ba."

Ta dube ni ta ce, "To, Fasto, na ji." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Damina biyu bayan haka tashin hankali ya auko wa ƙauyenmu da tsakar dare. Ba zan shiga bayaninsa ba. Da yawa cikinku kun san irin wannan dare. Mata da yara suka taru a gidana domin ni ne makiyayi. Na yi addu'a, da zuciya ɗaya kuwa na yi ta. Da na ce amin, idanu suka zubo mini, ni kuwa ban san gabas ba balle yamma. Hanyar mota kaɗai na sani, can kuwa ƙarar take fitowa. Sai Mama ta ce a kashe kowace tocila, a goya ƙanana, kowa ya riƙe zanen na gabansa. Ta shigar da mu cikin dawa, ta bi da mu ta cikin ruwan rafi don kada mu bar sawu, ta tsayar da mu a gindin wani dutse har wata ya faɗi. Da wani jariri ya fara kuka, ta karɓe shi ta sa masa yatsa a baki. Ni ne na ƙarshe a layin, da Littafi Mai Tsarki a hammata, ina riƙe da gefen zanen wata yarinya 'yar aji huɗu. Gari yana wayewa muka shiga ƙauyen da ke bayan tudu. Ta ƙirga mu sau biyu, irin ƙirgar bariki, babu wanda ya ɓace.

A ranar godiya na yi wa'azi a kan girgije da wuta, ban ambaci sunanta ba. Kunya ce ta hana ni, na kuwa lulluɓe kunyar da cewa ɗaukaka ta Allah ce kaɗai. Sai bayan wata uku na iya taka ƙafa zuwa gonarta. Na same ta a sunkuye cikin gyaɗa. Na ce, "Mama, na zo neman gafara, maganar da na yi miki a ƙofar majami'a."

Ta ɗago a hankali ta dafa ƙugu. "Ɗana, wannan ai ta wuce tuntuni," in ji ta. "Amma matsa can, kana tsaye a kan kunyata. In kuma ba sauri kake yi ba, ga fartanya a gindin ɗorawa."

Na tuɓe takalma na ɗauko.