Da Kaka Na Je Dakoro, Wajen Kaka Na Sauka

Bayan sallar asuba na shiga motar haya a tashar Maraɗi, muka nausa arewa. Dakoro tafiyar fiye da kilomita 100 ce. An gama girbi, ko'ina damman hatsi ne jibge a bakin rumbuna. Muna ƙara gaba gonaki na raguwa, rairayi da ƙaya na ƙaruwa, har muka fara cin karo da garken Fulani da raƙuman Buzaye. Nan ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar kiwo, kusa da fadamar Tarka.

Abin da ya kawo ni shi ne yaran da sida, wato ƙanjamau, ta raba da iyayensu. Da na tambayi ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni inda ake tara irin waɗannan yara, sai ya yi dariya, ya ce su a nan maraya dangi ke ɗauka. Riƙo tsohuwar al'ada ce: goggo, kawu ko kaka su karɓi yaro, ya tashi cikin 'ya'yan gida, sunan ubansa na nan bai sauya ba, kamar yadda addini ya tanada.

Wata ma'aikaciyar likita ce ta yi mini jagora zuwa wani gida a bayan gari, da sharaɗin ba suna, ba hoto. Mun tarar da tsohuwa tana dama hura, jikoki uku sun kewaye ta. Ɗanta ya tafi bida Libiya, ya dawo a rame, ya rasu. Bayan damina biyu matarsa ta bi shi. Maƙwabta dai "doguwar jinya" suka sani.

"Sannu da hidima, Inna," na ce.

"Yawwa, ɗana. Hidima ta Allah ce."

Autan ne kaɗai aka samu da ƙwayar cutar. Ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga faifai, sai ga robar magani naɗe cikin tsumma. Ko yayyen yaron ba su san na mene ne ba. Ta ce maganin kyauta ake ba ta, abin da ke hana ta barci shi ne abin da yaron zai sa a ciki kafin ya sha, da ranar da zai girma ya tambaye ta dalili.

A 1987 aka fara tabbatar da cutar a Nijar, kuma binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 0.4 cikin 100 na manya ke ɗauke da ita. Adadin kaɗan ne, shi ya sa mai ita yake jin kamar shi kaɗai ne a gari. Tun 2004 aka fara shirin ba da maganin, dokar 2007 da aka sabunta a 2015 kuma ta hana tsangwama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwar da ba ta shan magani na iya sa wa jariri cutar da kashi 15 zuwa 45, wadda ke sha kuwa ƙasa da kashi 5. Da uwar autan nan ta yi awon ciki an gano da wuri, wataƙila da ba a ɓoye komai cikin ƙwarya ba.

Da la'asar na ga abin da ke riƙe da gidan. Matan unguwa suna da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Duk mako suna zubi, kuma sun ware wa tsohuwar 'yan tiyoyin hatsi da kuɗin littattafan lakwal. Ba su tambaye ta ciwon da ya kashe ɗanta ba. Marayu suka gani, shi ke nan.

Washegari na kamo hanyar Maraɗi. Kirana ga masu fitar da zakkar hatsi da masu hannu da shuni shi ne su nemi irin wannan tsohuwa a unguwarsu, su auna mata, su kuma rufa mata asiri. Duk wanda ke riƙon yaron da iyayensa suka rasu bayan doguwar jinya, ya kai shi likita a gwada shi tun yana da ƙarfinsa.